Wa Ke Zama a Kan Wannan Kujera?

Zuwa ga ƙanena Auta,

Akwai wata magana da na taɓa ji tun ina jan motar ma'aikata a masana'antar sabulu, daga bakin maigadinmu, mutumin da idan ya ce maka rana ta fito sai ka leƙa waje ka tabbatar. Cewa ya yi wai duk wanda ya yi ta rage kayan ɗakinsa har ya kai ga kujera ɗaya da kofi ɗaya, to mutane sukan fara mantawa da shi. Ba mutuwa yake yi ba, ba kuma ɓata ba. Yana nan yana zuwa cefane, yana wanke rigarsa yana shanyawa, sai dai ba ya zama a zuciyar kowa, kamar ruwan da aka zuba a kan leda. Na yi dariya ranar, na ce masa ya rage shan shayi mai kauri. Zan ajiye wannan magana a bakin ƙofa tukuna in shigo in gaishe ka, kada ka ce tsufa ya cinye mini ladabi.

Sallama a gare ka da duk wanda ke ƙarƙashin rufinka. Ina roƙon Allah takardar nan ta tarar da kai tsaye da ƙafafunka, ciwon bayan nan ya sake ka, mai ɗakinka tana cikin lafiya da haƙurin zama da kai, yara kuma kowa na kan abin da ya sa gaba. Mu nan sai godiya. 'Yar'uwarmu Malama gwiwa ta matsa mata, amma bakinta lafiya lau. Ta bar aji da daɗewa, har yanzu kuwa idan ka yi magana a gabanta sai ta gyara maka ita kafin ta amsa. 'Yata ta fari, wadda kake kira 'Yar Baba, ta samu canji zuwa asibitin da ke kusa da gidanta. Ƙanenta Injiniya yana nan da shagonsa na gyaran waya; har yau bai gyara tawa ba, shi ya sa ka ga takarda. Magen nan mai ido ɗaya ta zauna da waɗanda suka sayi gidana, ta nuna mini cewa da ma gidan take so, ba ni ba.

To, ranar da ka kira ta wayar Injiniya aka miƙo mini, ka gaya mini shawarar da ka yanke. Ka ce ka gaji da sammakon zuwa ƙirga kwalayen wasu a sito, za ka ajiye aiki tun da sauran ƙarfinka, ka sayar da gidan da yara suka watse suka bar muku, ku koma 'yan ɗakuna biyu, ɗan fanshon da za a riƙa ba ka ya ishe ku idan kun taƙaita. Ka ce mota za ta tafi, babban teburin cin abinci zai tafi da kujerunsa. Ku biyu ne, don haka kujera biyu, kofi biyu, faranti biyu, me za a yi da na uku. Sannan ka ce ni ka gani ka yi sha'awa. Wannan ta ƙarshen ce ta hana ni sukuni, domin idan sawuna za ka bi, dole in juyo in nuna maka inda ƙafata ta faɗa rami.

Kada ka ɗauka zan ce ka fasa. Ni ma da ƙafata na je ofis na ce a sallame ni tun lokacina bai yi ba, bayan rasuwar uwar yaran nan, da na ga ina ta jan mota don in riƙe gidan da babu kowa a ciki sai ni da mage da firij mai gurnani. Na sayar, na koma ɗaki ɗaya da 'yar madafa a saman wani dogon gida bayan kasuwar katako. Wani ne ya taɓa yaba mini gidan tun da daɗewa, ya ce ga sauƙin haya ga shiru, amma da na tashi nema sai na rasa ko wane ne. Hanyar kawai na tarar na sani. Kuma wallahi, Auta, da daɗi. Kafin ruwan shayi ya tafasa na gama shara. Ɗan abin da ake ba ni yana kai ni ƙarshen wata har in ga ragowa, abin da ban taɓa gani ba ina da albashi. Na koyi zama a bakin taga ina kallon inuwa na tsallaka titi ba tare da na duba agogo ba. Duk abin da ka ji ana faɗa na daɗin ƙaramar rayuwa gaskiya ne. Abin da ba a gaya wa mutum shi ne, rage kaya daɗinsa irin na sosa ƙaiƙayi ne, idan ka fara ba ka sanin wurin tsayawa.

Bari in koma baya kaɗan. Ka san ni da labari, a hannun Kaka na tashi, ba na shiga gida ta ƙofar gaba. Direban motar ma'aikata ba da ido kaɗai yake aiki ba. Hanya ɗaya ce kullum, mutane ɗaya, kowa da inda yake tsayawa. Bayan 'yan shekaru ƙafarka ce ke sanin tasha. Kana can kana wani tunani, ita za ta sauka kan birki daidai inda mai jira yake. Idan wani ya bar aiki, ƙafar takan ci gaba da tsayawa a wurinsa na ɗan lokaci, sannan ta haƙura. Amma akwai wata kwana, gaban rumfar wani mai faci, ƙarƙashin wata karkatacciyar bishiya, inda ƙafata ta ƙi haƙura. Kowace safiya sai in taka birki, in buɗe ƙofa, in jira, ba wanda ya shigo, in rufe in wuce. Shekara da shekaru. Ma'aikata suka mai da abin wasa, da mun doso wurin sai su ce a matsa a ba fasinjan Direba wuri. Wata mai naɗe sabulu har takan ɗauke jakarta daga kujerar gaba ta ce sannu da zuwa. Na tambayi tsofaffin ma'aikata wa ke shiga a nan a da. Kowa ya ce lallai akwai wani, yana nan a bakinsa, bari ya tuna. Ba wanda ya tuna. Ni ma ina taya su dariya, amma duk lokacin da na rufe ƙofar nan na ja mota, sai in ji kamar na baro yaro a kasuwa.

Yanzu gidan da nake. Doguwar baranda ce, ƙofofi a jere duk fenti ɗaya, famfo na kowa da kowa a can ƙarshe. Yawancinmu waɗanda suka ajiye aiki ne suka taƙaita. A gaban kowace ƙofa takalmin mutum ɗaya ne, an jera shi tsaf. Da tsakar rana, lokacin da ko'ina a gari ake hayaniya, nan ɗigar famfo kake ji. Akwai wani mai sayen tsofaffin kaya da yakan zo da 'yar motarsa mai buɗaɗɗen baya, muna ce masa Mai Gwanjo. Mutum ne mai fara'a, ba ya cuta, ba ya matsa wa kowa. Sai dai kafin ya taɓa kaya yakan tambaye ka wa ke amfani da shi. Idan kofi ne, wa ke sha da shi. Idan katifa ce, wa ke kwana a kai. In ka amsa nan take, ka ce ai jikata ce idan ta zo, sai ya janye hannu ya ce a bar shi tukuna, bai nuna ba, kamar mai zaɓen mangwaro. In kuwa ka yi shiru kana lalube a ka, ba ya ƙara magana, sai ya ɗauka. Na zaci salon ciniki ne, don kada a biyo shi daga baya a ce a dawo da kaya. A hankali na ba shi kabad, na ba shi katifar baƙi, na ba shi madubi, na ba shi faranti da kofuna har saura ɗai-ɗai. Sai daga baya na lura: zuwansa na farko kusan komai ya ce bai nuna ba, amma kowane zuwa sai abubuwan da suka nuna su ƙaru.

'Yar Baba ta zo wata rana, na zuba mata shayi a kofina, ni na zauna ina kallonta. Ta kasa sha, ta ɗan kurɓa ta ce tana sauri. Zuwa na gaba ta ce kada in wahalar da kaina, a tsaye ta gaishe ni. Wannan kowa zai iya fassara shi, inda babu kofinka ba ka daɗewa. Sai ga waɗanda na kasa fassarawa. Mai burodin da nake saye a wurinsa kowace safiya ya fara miƙa hannu ta saman kafaɗata yana sallamar na bayana. Mai askin da ya san kowane tudu da kwari na kaina ya ɗaura mini ƙyalle ya tambaye ni ko baƙo ne ni a unguwar. Rannan 'Yar Baba da kanta ta kira wayata, tun ba ta lalace ba, na ɗauka na yi sallama, sai ta ce don Allah da wa take magana. Wai ta ga kanta riƙe da waya tana kira, ta manta wa take nema. Muka yi dariya ni da ita. Da na ajiye wayar na daɗe ina kallon bango inda madubi yake a da.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na bas. Ina tsaye ni kaɗai a tasha, rana tsaka, na ɗaga hannu. Auta, a bayan sitiyari na yi rayuwata, na san fuskar direban da ya gan ka ya yi kamar bai gani ba: yakan ɗan kau da kai, ya duba madubin gefe, ya ƙara wuta. Wannan bai kau da kai ba. Idonsa na kaina, a sake, kamar mai kallon fili, motarsa rabi babu kowa, ya wuce a hankali. Ta biyu ma haka. Sai da wata mata ta zo da kwandonta ta tsaya kusa da ni sannan wata motar ta tsaya, na bi bayan matar na shige kamar ɓarawo.

Na kai kukana wurin matar da ke kula da gidan, wadda muke kira Mai Makulli, cikin wasa, na ce ko dai sabulun da na yi shekaru ina shaƙa ne ya fara wanke ni. Ba ta yi dariya ba. Ta jingina tsintsiyarta ta maimaita mini maganar maigadi kusan kalma da kalma, ita da ba ta taɓa ganinsa ba. Ta ce akwai ƙofofin da take share gabansu kullum, tana ganin takalmi ya canza wuri, tana jin ƙamshin girki, amma in ka tsare ta ka ce wa ke ciki sai ta je ta ƙwanƙwasa ta gani, kuma kafin ta dawo ta gaya maka ya zube mata a hanya. Ta nuna ƙofar ƙarshe, kusa da famfo, ta ce wancan ya fi kowa daɗewa. Na san mutumin da gani. Dogo ne, ya ɗan ranƙwafa, mun sha haɗuwa wurin ɗiban ruwa. Ni nakan ce sannu, shi kuma yakan tsaya ya dube ni kamar mai jiran in ƙarasa magana. In na wuce sai ya sunkuya ya ci gaba da tara ruwansa. Na koma ɗaki na ce a raina ita da maigadi jirgi ɗaya ya kwaso su.

Sai ranar da Mai Gwanjo ya dawo, bayan la'asar, rana ta shigo barandar a kwance. Abin da ya rage mini biyu a ɗakin kujera ce kaɗai: wadda nake zama, da 'yar'uwarta ta katako mai hannu, da na jingina a bango na rataye mata tawul. Duk zuwansa a baya idan ya tambaya nakan jero masa masu zama a kai, ya ce ba ta nuna ba. Ran nan ya dafa bayanta ya tambaye ni wa ke zama a kai. Na buɗe baki. Ka san yadda idan kana saukowa matakala ka zaci ta ƙare, ƙafarka ta sami iska? Haka kaina ya yi. Ina da 'ya'ya, ina da 'yar'uwa, ina da kai, amma ko fuska ɗaya ba ta zo ba. Ɗaki ne fari fes a cikin kaina, an share. Abin tsoron kuma shi ne ban ji tsoro ba. Wani sanyi na ji, irin na wanda ya sauke kaya. Mai Gwanjo ya cire tawul ɗin ya miƙo mini da ladabi, ya ja kujerar zuwa baranda.

Ban ji tahowar kowa ba. Sai kawai na ga dogon nan na ƙofar ƙarshe ya zo ya zauna a kanta, ya ɗora hannuwansa a hannayenta kamar wanda ya dawo daga tafiya. Mai Gwanjo ya sunkuya ya ɗaga, ta ƙi ɗaguwa. Ya duba ƙafafunta ko ta maƙale a wani abu, ya zagaya ta, fuskarsa dab da ta mutumin, bai gan shi ba. Sai mutumin ya yi gyaran murya, da wata murya da ta daɗe a ajiye, ya ce, “Ni ke zama a kai.” Mai Gwanjo ya ja da baya, ya ƙura ido, ya ƙura, kamar mai neman abu a cikin ruwa, har ya same shi. Sannan ya karɓi tawul daga hannuna ya mayar a bayan kujerar, ya ce lallai ba ta nuna ba, ya sauka bai waiwayo ba.

Muka shigar da kujerar, ya sake zama. Na zuba masa ruwa a kofina guda, ya sha rabi ya miƙo mini sauran kamar abin da muka saba. A nan ya gaya mini maganar nan karo na uku, shi kuwa ba ji ya yi ba, a jikinsa ya gani. Ya ce shi ma a masana'antar sabulu ya yi aiki, wajen injin yanka, ya ajiye tun da ƙarfinsa don ya gaji da ƙara, ya zo nan ya yi ta ragewa yana jin daɗi, har ranar da ya ba da kujerarsa ta biyu. Ya ce ba lokaci guda abin ke faruwa ba. Da farko a daina zama, sannan a daina zuwa, sannan a daina cewa ya kamata a je, daga nan sai gurbinka a zuciyar mutane ya haɗe kamar ruwa bayan an cire guga. Ya ce ya sha zuwa gidajen 'yan'uwansa, a buɗe masa ƙofa, a gaishe shi da mutunci, a tambaye shi wa yake nema. Na ce waɗanne irin 'yan'uwa ne waɗannan marasa kirki. Ya yi murmushi ya ce a'a, mutanen kirki ne, kada in zage su.

Sannan ya ce akwai abu ɗaya da bai iya ragewa ba bayan ya bar aiki. Kowace safiya yakan sa riga ya je ya tsaya inda ya saba shiga motar ma'aikata, gaban rumfar mai faci, ƙarƙashin karkatacciyar bishiya, ba don zai je ko'ina ba. Ya dube ni ya ce, “Kana tsayawa. Ka buɗe ƙofa, ka dube ni, ka rufe ka wuce. Kowa ya manta, ƙafarka ce ba ta manta ba. Don ita nake zuwa.” Na tambaye shi me ya hana shi shigowa, ya ce motar ma'aikata ce, shi kuwa ya bar aiki. Ya miƙo hannu zai karɓi kofin, sai na ga ƙaramin yatsansa a lanƙwashe, irin lanƙwasar da ƙofar mota ta yi wa wanda ya koya mini tuƙi. Ya kira ni da sunan nan da Inna mahaifiyarmu kaɗai ke kirana da shi, wanda ko kai ba na jin ka sani. Auta, rana na nan a baranda, ana jin masu wasan ƙwallo a ƙasa, ni kuwa na miƙa masa kofin da hannu biyu.

Washegari na je kasuwa na sayo kofuna da faranti, ni da nake alfahari da ɗaki fayau. Kowace la'asar nakan je in ƙwanƙwasa ƙofar ƙarshe in taho da shi. Na sa 'Yar Baba ta zo ta zauna, na hana ta tashi sai da ta shanye shayinta. Mai burodi ya dawo yana ganina, ko da yake wani lokaci sai na yi tari. Amma ba zan ɓoye maka ba, nasa ya yi nisa. Idan ya tashi ya tafi, nakan kai kofuna famfo in tsaya ina mamakin abin da ya sa biyu suka ɓaci alhali ni kaɗai ne. Sai na ga tawul ya lotsa a bayan kujera sannan nake tuna shi. Na kai shi wurin Malama. Tun a ƙofa na gaya mata ko wane ne, ta rungume shi ta yi kuka har ta jiƙa masa riga, ta shiga madafa ɗora abinci, ta fito da faranti biyu, nata da nawa, ta tambaye ni a hankali ko baƙon nawa zai ci. Shi ya sa ban faɗa maka ko wane ne a farkon takardar nan ba. Na lura abin da aka faɗa a farko shi ke fara zubewa, don haka na ajiye shi ƙarshe, inda idonka zai tsaya. Yanzu haka ma yana zaune a kujerar, ina rubuta layi in ɗaga kai in dube shi, don kada in kai ƙasan takarda in rasa abin da ya zaunar da ni.

Ga abin da nake roƙonka, ni da ban taɓa roƙonka komai ba sai ka rage gudu a mota. Ka ajiye aikin, ka sayar da gidan, mota ta tafi, teburin ma ya tafi in ya so. Amma ku biyu ne, to kujera uku, kofi uku, faranti uku. Kada ka mai da ta ukun wurin rataye tawul kamar yadda na yi. Ka sa a riƙa zama a kanta, ko maƙwabcin nan ne mai surutun da ba ka so, ko mai gyaran famfo. Ka tsare shi da shayi har ya ɗumama ta. Duk ranar da wani ya tambaye ka wa ke zama a nan, amsar ta fito kafin ya rufe bakinsa. Na san ka, mutumin sito ne kai, abin da ya daɗe bai motsa ba sai ka ce a fitar da shi. Za ka ce kaɗaici ne ya taɓa yayanka, ko ka ce ai duk wannan yana da bayani. Na yarda, ka riƙe bayaninka. Ni dai kujerar nake so ka riƙe tare da shi.

Kafin ka yi dariya ka tuna mini abu biyu. Ka tuna kwanakin Inna na ƙarshe a asibiti, muna tsaye a kanta, ni da Malama da kai, tana bin mu da ido ɗaya bayan ɗaya, tana komawa farko, tana cewa saura ɗaya, ina ɗayan? Muka ce zafin ciwo ne. Kai ne ma ka riƙe hannunta ka ce Inna ga mu nan duka. Sannan wa ya ɗauke ka a wuya ya kai ka makaranta ranar farko, ya tsaya a bakin taga har aka tashi don kada ka yi kuka? Ba ni ba ne, ina nawa ajin. Ba Baba ba ne, ya riga ya rasu. Kada ka yi sauri. Ka zauna da tambayar kaɗan, ka ji yadda take zamewa.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka, ka ce na ba ta amanar kujera ta uku, don na fi yarda da ita a kanka. Ka gaishe da babban ɗanka da iyalinsa, da 'yan biyu, da ƙaramar nan mai goshin Inna. Malama na gaishe ku, ta ce ka daina cinye ƙarshen magana a waya. 'Yar Baba da Injiniya suna gaida Baffansu. Allah ya sa ka ajiye aiki lafiya, ya sa albarka a ɗan abin da zai riƙa shigowa, ya sa ƙofarka kada ta rasa mai ƙwanƙwasa ta.

Ni ne yayanka,
Direba.

Saura abin da na ajiye. Ranar da ka kira ka tambayi lafiyar kowa, Malama da gwiwarta, yara, tsohon maƙwabcinmu, har mage mai ido ɗaya, sannan ka ce to ai kowa ya cika. Ka karanta wannan da ƙarfi mai ɗakinka tana ji, gobe kuma ka sake karantawa. Mu huɗu Inna ta haifa. Maigadi ne ya fara gaya mini maganar nan, Mai Makulli ta maimaita. Wanda ya gaya mini na ƙarshe, a kan kujerar da ta kusa tafiya, ga shi nan zaune yana jira in gama, ya ce a gaishe masa da Auta. Babban Yaya ne, ɗan farin Inna, wanmu ni da kai.